Shin sararin samaniya yana da gefe, farko ko ƙarshe?

Tun da aka harba na'urar hangen nesa ta James Webb ranar 25 ga Disamba 2021, duk bayan 'yan watanni sai an ci karo da kanun labari cewa masana sun hango ƙarshen sararin samaniya. A watan Maris na 2025 kuma ayarin masu bincike da DESI, wata na'urar auna hasken gungun taurari da ke Amurka, ya fitar da wani sakamako da wasu kafafe suka juya shi zuwa cewa komai zai koma ya dunƙule wuri guda. Shekaru kafin nan, a 2013, an yi ta yayata cewa kumbon Voyager 1 ya fice. Ya fice daga ina? Labaran uku ba a kan abu ɗaya suke magana ba, kuma rabin ruɗanin daga kalmomin da ake amfani da su yake tasowa.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

A Hausa "ƙarshe" na ɗaukar ma'ana biyu: ƙarshen gona, wato inda ta tsaya, da ƙarshen damina, wato lokacin da ta wuce. Tambayar gefe ta shafi na farko. Tambayar farko da ƙarewa ta shafi na biyu. "Sama" ma haka take, hawa-hawa ce.

Akwai iskar da ta lulluɓe duniyarmu. Ba ta da layin da ta yanke, raguwa take yi a hankali, amma an saba ɗaukar kilomita 100 daga doron ƙasa a matsayin mafarin sararin samaniya. Wannan yarjejeniya ce kawai ta mutane, kuma nisan bai kai Kano zuwa Zariya ba. Sai yankin da iskar rana, wato ƙwayoyin da rana ke fesowa, ke kaiwa, wanda Voyager 1 ya tsallake a watan Agustan 2012, yana nisan kimanin kilomita biliyan 18 daga rana. Wannan shi ne ficewar da aka yi ta faɗa. Sai gungun taurarin da ranarmu ke ciki, wanda haske ke ɗaukar kimanin shekara 100,000 kafin ya ratsa shi. Bayan nan akwai biliyoyin gungu irinsa. Tambayar da ake yi a nan ta shafi dukan wannan gaba ɗaya, da wurin da lokacin da abin da ke cikinsu.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne shekarar haske. Haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka a shekara yana cin kimanin kilomita tiriliyan 9.46. Sunan yana ruɗarwa, amma ma'aunin nisa ne, ba na lokaci ba.

## Mai sanda a bakin iyaka

Wani masanin lissafi Bagirke mai suna Archytas, wanda ya rayu a kudancin Italiya a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo hujjar da har yau yara ke sake ƙirƙirowa da kansu. A ce na isa ƙarshen sama, in ji shi, zan iya miƙa sandata gaba ko ba zan iya ba? In ta miƙu, to ba ƙarshen ba ne. In wani abu ya tare ta, to wannan abin yana can gaba, shi ma wuri ya ci. Aristotle bai yarda ba. A ganinsa sama ƙwallo ce mai iyaka, kuma a wajenta babu wuri, babu fanko, babu lokaci, don haka babu inda za a miƙa sandar. Amma ya ce duniya ba ta da mafari a zamani.

Wannan rabon, iyaka a wuri amma babu iyaka a lokaci, shi ya zama abin jayayya a tsakanin malaman Musulunci. Al-Kindi a Bagadaza a ƙarni na 9 ya ce jiki da motsi da lokaci duk masu iyaka ne. Ibn Sina ya ce duniya ba ta da mafari a zamani, ko da yake samuwarta ta dogara ga Mahalicci. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu falsafa irin su Ibn Sina raddi da makaminsu: kun yarda babu "gaba" a bayan ƙarshen duniya, kun ce tunanin mutum ne kawai ke tilasta masa ya hango wani wuri a can, to me ya hana "kafin" ma ya zama irin wannan ruɗin na tunani? Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya kare masu falsafa. Duk wanda ya zauna zauren karatun tauhidi ya san ragowar wannan muhawara a bahasin cewa duniya fararriya ce. Abin lura shi ne hujjar al-Gazali ta yi kama ƙwarai da abin da wasu masana kimiyyar lissafi suka dawo suna faɗa a ƙarni na 20.

Shaida ta farko da ido ke iya gani kuwa ita ce duhun dare. Mutumin da ya tsaya tsakiyar ƙatuwar gonar dawa, duk inda ya duba idonsa a kan kara zai sauka. Da a ce taurari sun bazu babu iyaka, kuma suna nan tun fil azal, da duk inda aka duba a sama ido zai sauka a kan tauraro, dare ya yi haske kamar fuskar rana. Bajamushe Heinrich Olbers ya rubuta wannan matsala a 1823. Amsar da aka samu daga baya ita ce taurari ba su daɗe da za a ce hasken dukansu ya iso mu ba.

## Iyakar gani ba katanga ba ce

Tunda haske yana ɗaukar lokaci, duk kallon nesa kallon baya ne. Ranar da muke gani ta minti 8 da daƙiƙa 20 da suka wuce ce. Gungun Andromeda, wanda ake iya gani da ido a daren da babu wata, hotonsa na shekara miliyan 2.5 da suka wuce ne. Gungu mafi nisa da James Webb ya tabbatar, muna ganinsu ne yadda suke ƙasa da shekara miliyan 300 bayan mafari. Abin da kanun labarai ke kira ƙarshen sarari ke nan, alhali tsohon zamani ne aka hango.

Shekarun sararin samaniya kimanin biliyan 13.8 ne. Sai mutum ya zaci iyakar abin da za mu iya gani shekarar haske biliyan 13.8 ce. Lissafin ya ba da kimanin biliyan 46.5 ta kowace fuska, wato biliyan 93 daga wannan gefe zuwa wancan. Dalilin shi ne wurin kansa miƙewa yake yi yayin da hasken ke hanya. A ɗauki robar ɗaure kaya da aka yanko daga tiyub, a ɗiga mata alli a tazarar taƙi ɗaya ɗaya, a sa tururuwa ta kama hanya daga wancan bakin, mutum biyu kuma suna jan robar a hankali. Lokacin da tururuwar za ta iso, ɗigon da ta taso daga kansa ya yi nisa fiye da tafiyar da ƙafarta ta yi. Kuma kowane ɗigo zai ga sauran suna nisantarsa, wanda ya fi nisa ya fi sauri, ba tare da wani ɗigo ya zama cibiya ba.

Wannan iyaka irin ta mai tsayuwa a fili ce, wanda ke ganin sama ta haɗu da ƙasa a nisan da bai kai kilomita 5 ba. In ya matsa, ita ma ta matsa. Mai kallo daga wani gungu mai nisa yana da tasa iyakar, shi ne a tsakiyarta, mu kuma wataƙila muna bakinta. Babu wani awo da ya nuna abubuwa na canzawa in an kusanci iyakar tamu. Ta kowace fuska gungun taurari iri ɗaya ne, yawansu kusan ɗaya.

Abu mafi nisa da na'ura ke kamawa shi ne wani tsohon haske da ya taso shekara 380,000 bayan mafari. Kafin nan zafi ya yi yawa, haske ba ya ratsawa, kamar fitilar mota a cikin hazo mai kauri. Da zafin ya sauko zuwa kimanin digiri 3,000 sai hazon ya washe. Hasken da ya kuɓuta a lokacin ya miƙe kusan ninki 1,100 a hanya, yau sanyinsa ya kai digiri 270 ƙasa da sifili. Arno Penzias da Robert Wilson ne suka ci karo da shi a New Jersey, suka sanar a 1965, bayan sun share kashin tattabaru daga eriyarsu suna zaton shi ke jawo musu ƙarar.

## Mai iyaka amma babu gefe

Hujjar mai sanda ta ginu a kan cewa abu ko dai ya tafi babu iyaka ko ya kasance da baki. Akwai hanya ta uku. Tururuwa a kan kankana za ta yi ta tafiya har ta gaji ba ta taɓa isa baki ba, alhali faɗin bayan kankanar ƙidayayye ne. Ka'idar Albert Einstein ta 1915 ta nuna wuri kansa na iya lanƙwasa saboda nauyin abin da ke cikinsa, don haka sararin samaniya na iya rufewa a kan kansa kamar haka. Inda misalin ke ɓatar da mutane shi ne kankana tana da ciki da waje. A lissafin, lanƙwasar ba ta buƙatar wani babban ɗaki da za ta zauna a ciki. Tambayar "a cikin me yake faɗaɗa?" ita ma nan ta tsaya: abin da ake aunawa shi ne ƙaruwar tazara tsakanin gungu da gungu, kuma lissafin bai nemi wani fili na waje ba.

Ana iya auna lanƙwasa daga ciki da alwatika. A kan takarda kusurwoyinta uku suna haɗuwa su ba da digiri 180. A kan duniya, in aka taso daga ƙuryar arewa zuwa layin ikwaita, aka bi layin na kwatar zagaye, aka koma arewa, kowace kusurwa digiri 90 ce, jimilla 270. Masana sun yi wannan gwaji da tsohon hasken nan. Yana da tabo-tabo na ɗan bambancin zafi, kuma ana iya lissafa ainihin girman tabon daga yadda sauti ke tafiya a cikin wancan hazo. In wuri shimfiɗaɗɗe ne, tabon zai bayyana da faɗin kimanin digiri ɗaya a sama, wato ninki biyu na faɗin wata. In rufaffe ne zai fi haka girma, in buɗaɗɗe ne zai fi ƙanƙanta. Gwajin BOOMERanG da aka ɗaga da balan-balan a Antatika ya ba da amsa a 2000, kumbon WMAP na Amurka da Planck na Turai suka ƙara tsananta ta. Sakamakon Planck na 2018, haɗe da awon rarrabuwar gungun taurari, ya nuna shimfiɗa, da yiwuwar kuskure na kimanin kashi 0.2 cikin ɗari.

Sai dai da sauran rina a kaba. Manomin da ya auna gonarsa zai same ta a shimfiɗe, duk da cewa a kan ƙwallo take. Awon ya nuna cewa in ma akwai lanƙwasa, to girman abin ya ninka yankin da muke gani sau da yawa. Bai nuna babu ita sam ba, kuma babu awon da zai iya, domin kowane awo yana da ɗan kuskure. Ƙari ga haka, wuri na iya zama shimfiɗaɗɗe amma ya naɗe, kamar wasan maciji na tsofaffin wayoyin Nokia, inda macijin ke fita ta dama ya ɓullo ta hagu. Da haka ne a ƙaramin ma'auni, da an ga da'irori masu zane iri ɗaya a fuskoki biyu na sama. An nema a bayanan WMAP da Planck, ba a samu ba. Saboda haka zaɓi biyu suka rage, marar iyaka ko mai iyaka marar gefe. Katanga ce kaɗai babu wata ka'idar da ake aiki da ita da ke buƙata.

## Me ake nufi da farko?

Alexander Friedmann a Rasha a 1922 da Georges Lemaître, wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, a 1927, sun fitar daga lissafin Einstein cewa sararin samaniya ba zai tsaya cik ba. A 1929 Edwin Hubble ya nuna gungun da ya fi nisa ya fi saurin ja da baya. Ana gane haka daga launin haske, wanda ke karkata zuwa ja, kwatankwacin yadda jiniyar mota ke yin kauri in ta wuce. In aka mayar da lissafin baya, komai na matsewa yana ƙara zafi. Fred Hoyle, wanda bai yarda da ra'ayin ba, shi ya laƙaba masa sunan "Big Bang" a rediyon BBC a 1949, kuma fassarar "babbar fashewa" ta gaji matsalar sunan. Bam yana fashewa ne a wani wuri, ɓaraguzai su watsu cikin fili. A nan babu wurin da za a nuna da yatsa, ko'ina ne ya kasance a matse da zafi, har inda mai karatu yake zaune.

Abin da shaida ta tsayar shi ne wancan yanayi na zafi da matsi. Bayan faɗaɗar da tsohon hasken, akwai shaida ta uku: lissafi ya ce a mintunan farko kimanin kwata na nauyin abin da ke akwai zai zama iskar hiliyam, sauran kusan duka haidurojin, kuma haka aka auna. Daga wajen daƙiƙa ta farko zuwa yau an tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi. Kafin nan ƙasar na yin laushi, har a kai inda ka'idar Einstein ke ba da matsi marar iyaka, abin da yawancin masana ke ɗauka alamar ka'idar ce ta gaza.

A nan ra'ayoyi suka rabu. Roger Penrose da Stephen Hawking sun nuna tsakanin 1965 da 1970 cewa in ka'idar Einstein ta yi aiki har ƙarshe, mafari ba makawa ne, kuma wani sakamako na Borde da Guth da Vilenkin a 2003 ya nuna sararin da ke faɗaɗa a matsakaici ba zai miƙe baya har abada ba. Masu suka suna cewa duk waɗannan sun ginu ne a kan sharuɗɗan da ba lallai su tsaya ba a inda dokokin ƙananan ƙwayoyi suka karɓi ragama. Hawking da James Hartle a 1983 sun kawo shawarar cewa lokaci mai iyaka ne amma ba shi da baki, tambayar "kafin" kamar tambayar abin da ke arewa da ƙuryar arewa ce. Wasu na ganin wani sarari ne ya matse sannan ya sake buɗewa. Wasu kuma na ganin namu kumfa ɗaya ce cikin kumfa masu yawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da awo ya fifita zuwa yanzu.

## Ƙarewa

An daɗe ana zaton ƙarfin janyowa, wanda ke faɗo da mangwaro ƙasa, yana rage saurin faɗaɗar. A 1998 ayari biyu, na Saul Perlmutter da na Brian Schmidt da Adam Riess, suka auna taurari masu fashewa na nesa suka tarar saurin ƙaruwa yake yi. Abin da ke tura shi aka kira ɓoyayyen makamashi, suna ne kawai da aka ba abin da ba a gane ba. Shi ne kimanin kashi 68 cikin ɗari na abin da ke akwai, wani ɓoyayyen abu mai nauyi kashi 27, abin da muka sani, daga dutse har tauraro, kashi 5.

Makoma ta rataya a kan halin wannan makamashi. In bai canzawa, faɗaɗa za ta ci gaba, gungun nesa su ɓace wa gani, taurari su ƙare da mai bayan kimanin shekara tiriliyan 100, a bar sanyi da duhu. A wannan hoton lokaci ba ya ƙarewa, abubuwan da ke faruwa a cikinsa ne ke ƙarewa. In yana ƙara ƙarfi, zai iya yayyaga komai har ƙwayar zarra. In yana raguwa ƙwarai har ya juya, komai na iya komawa ya matse.

Sakamakon DESI a nan ya shigo. Na'urar tana kan dutsen Kitt Peak a Arizona, tana da ƙananan idanu 5,000 da ke kama hasken gungu 5,000 a lokaci guda, kuma ta auna fiye da miliyan 14. Da aka haɗa da sauran awo, sai alama ta fito cewa makamashin na iya yin rauni a hankali. Ƙarfin alamar ya kama daga 2.8 zuwa 4.2 a ma'aunin sigma, wanda ke nuna yadda zai yi wuya a ce alamar katari ce kawai, ya danganta da jerin taurari masu fashewa da aka haɗa da shi. A wannan fanni ba a cewa an gano abu sai ya kai 5. Kuma ko ya tabbata, raguwa daban, juyawa daban. Akwai wata tsugune da ba ta ƙare ba a gefe: awon tsohon haske na ba da saurin faɗaɗa kusan 67, awon taurarin kusa na ba da kusan 73 a ma'auni ɗaya, kuma har yanzu ba a daidaita su ba.

## Abin da ya shafi mai karatu

Babu ɗaya daga cikin waɗannan makomomi da zai taɓa noman bana ko na jikokin jikoki. Rana kanta tana da sauran kimanin shekara biliyan 5. Duk saƙon WhatsApp da ya sa ranar tashin duniya ya jingina ta ga NASA ko masana taurari, ba daga wannan ilimi ya fito ba, kamar yadda aka gani da 21 ga Disamba 2012. Ka'idar Einstein da ake lissafin da ita kuwa tana cikin aljihu: agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna gaba da na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum, kuma da ba a gyara wannan ba, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 a yini.

Wurin da maganar ta fi zafi shi ne inda ta haɗu da addini. Wasu masu wa'azi suna danganta aya ta 30 ta Suratul Anbiya da ta 47 ta Suratuz Zariyat da mafari da faɗaɗa. Wasu malamai suna jan kunne cewa ɗaure ma'anar aya ga ka'idar da ake iya gyarawa gobe haɗari ne. A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa kimiyya ta kore buƙatar Mahalicci, wanda shi ma ba sakamakon awo ba ne. Irin wannan ta faru a cocin Katolika: da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana ɗaukar ka'idar a matsayin shaidar halitta, Lemaître, limami kuma mai ka'idar, bai ji daɗi ba, ya nemi a bar kowanne a fagensa.

Ga ɗalibi ko mai bin labarai, tambayoyi uku na warware yawancin kanun da za su zo. Iyakar gani ake nufi ko iyakar wuri? Lambar da aka ba da, tsawon tafiyar hasken ce ko nisan abin a yau? Sakamakon kuma, awo ne da ya kai sigma 5 wani ayari daban ya maimaita, ko alama ce? Kumbon Euclid na Turai, wanda aka harba a watan Yulin 2023, yana zana taswirar kusan sulusin sama wadda za ta ba da damar gwada wannan alama ta DESI da na'ura daban da hanya daban.